Gaɓa ta Uku ta Kiɗan Nabla

Condy Breslin masaƙi ne a garin Kilcar, goge kuwa sai in ya tashi daga aiki. Kiɗan rawar nan da ake jingina masa ba shi ya ƙago ba. Matarsa Nabla ce ta fito da shi da baki tana kaɗa nono, shi ya ɗora a goge. Gaɓa uku ne. Biyu ya sakar wa duniya, ta ukun ya hana kowa, wai ta Nabla ce, ba ta fita ƙofar gida. Taurin kai ne da shi, Allah ya sani.

A wajenmu ba a rubuta kiɗa, kunne ke ɗauka, kuma kowa da sunan wanda ya ji a hannunsa yake kiransa. Mutanen garin Teelin suka ce wannan kiɗan na Condy ne, suna figarsa kamar ana korarsu. Na Ardara suka laƙa masa sunan wani mai gyaran tukwane da ya kai musu, suka lanƙwasa masa ƙarshe. Nabla dariya kawai take yi.

Da ta rasu, Condy ya bi al'ada: gidan da aka yi rashi ba kiɗa sai shekara ta zagayo. Ya rataye gogen. Wasu sukan ɗan yi fito a ɓoye, shi ko wannan bai yi ba.

Ranar da shekara ta cika ya sauko da gogen. Gaɓa ta farko ta zo, ta biyu ta zo. Ta ukun shiru. Ya yi kwanaki yana lalube, wallahi abin tausayi, tsoho yana roƙon yatsunsa.

Sai ya shiga bin garuruwa da ƙafa, ko wani ya taɓa tsintar ta ta taga. Kowa gaɓa biyu gare shi, kowa kuma ya rantse tasa ce ta asali. A Teelin, tsohon abokinsa Hiúdaí ya ce ya taɓa laɓewa a bayan katangar su Condy ya ji ta, sannan ya ɗauki goge ya ja masa wani abu mai daɗi, a hankali.

"To, sarkin rowa, ita ce?"

Condy ya sa ya maimaita har sau huɗu. Ya daɗe yana kallon ƙasa, hularsa a hannu.

"Ban sani ba, Hiúdaí," ya ce. "Ko ita ce, ba na gane ta."