Ranar da Na Wanke Raƙuman Inna

Duk wanda ya san ni a Kalgo ya san ba ni da gajeren labari. In na ce na ga kifi, to ya kai jaki. In na ce an yi ruwa, to har kwaɗi sun nemi kwalekwale. Abokaina sun ce ko rantsuwa na yi, a raba ta uku a zubar da biyu. Amma wannan da zan faɗa ban ƙara masa gishiri ba. Da gishirinsa ya zo, har ya yi yawa.

A Gwandu na tashi, a hannun kakata ta wajen uba, Inna Ige mai daddawa. Ranar dafa kalwa ita ce sallarmu, don wutar ba ta mutuwa da wuri. Da an yi magariba an ci tuwo, sai mu jikoki mu kewaye murhu, hayaƙi na sa mu hawaye, warin kalwa na kama rigunanmu har malamin makaranta ya san gidan da muka fito ba tare da ya tambaya ba. Inna takan tura itace da ƙafa, ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani ɗan gwangwanin alewa da tsatsa ta cinye. A ciki akwai kan sarki guda takwas, irin wanda ake manna wa wasiƙa. Ɗaya na da raƙumin dawa, ɗaya mata masu tsinkar auduga, ɗaya jirgin ruwa mai tanti. Sauran biyar duk raƙumi ne a guje, da mutum a bisa, da jakunkunan wasiƙu. Sai ta zaɓi ɗaya, ta ɗaga shi wajen hasken wuta, ta ce, "Ga ta nan ta sauka daga gabas." Mu ce, "A ba ta ruwa ta faɗa muna." Daga wannan ɗan hoto da bai kai faɗin babban yatsa ba take fitar da tatsuniyar ranar.

Waɗannan kan sarki daga wajen ɗanta na fari suka zo, Baffa Umaru, yayan mahaifina. Ba ta faɗin sunansa, sai dai ta ce "na gabas". Tun kafin a haife ni ya bi ayarin masu zuwa Makka ta ƙasa, guzuri ya ƙare masa a Sudan, ya tsaya aikin auduga. Wasiƙa tara ya aiko, da ajami. Wani tsohon malami a unguwarmu ne ke karanta mata, shi ke rubuta amsa, shi kaɗai ya riƙe sunan garin. In an gama karantawa, Inna ta wanke tawadar a ƙoƙo ta shanye, wai maganar ɗanta ta zauna a cikinta, kada takarda mai sunan Allah ta yi yawo a ƙasa. Ambulan ɗin kuma ta kara shi a tururin tukunya har kan sarkin ya saki, ta adana shi, sauran ya shiga wuta. Sai malamin ya rasu, wasiƙa kuma ta daina zuwa. Aka nemi sunan gari aka rasa. Inna ta ce ta sha jinsa, amma suna ne kamar tari, bai zauna mata a harshe ba.

Abu ɗaya ya rage mata. Malamin ya taɓa gaya mata cewa baƙin zoben nan da gidan waya ke bugawa a kan kowane kan sarki, sunan garin da wasiƙa ta taso ne a cikinsa, da rubutun boko. Ta taɓa ba wani baƙon ma'aikaci ɗaya daga cikin taran ya duba, ya ce zai kai birni a gani da kyau, aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan. Daga ranar ta rantse babu bare da zai ƙara taɓa su. Sai jininta ya yi boko ya karanta mata. Jinin nan kuwa ni ne, ni aka fara sa wa wandon makaranta a gidan. Duk wannan sai da na girma na sani. A lokacin abin da kawai take ce mini shi ne, "Maigidana, ka dage da karatu, akwai aikin da ni aje maka." Ni kuwa in ce, "In dai ba surfe ba ne, amarya, na yarda."

Ina aji uku aka ba ni kyautar kilina, robar nan ta goge fensir, don na zo na ɗaya a haddar lissafi. Na goge duk abin da ke gogewa a Gwandu, har na fara duban zanen fuskar ƙanena. Rannan Inna ta tafi kasuwar Dalijan da daddawa, ta mance gwangwaninta a ƙarƙashin tabarma. Na buɗe, na dubi raƙuman nan da baƙin zobe ya ɓata wa wuya da fuska, na ce yau zan yi wa matata gwaninta. Kilina ta ƙi cin tawadar. Na ƙara da yawu. Na ƙara da lemun tsami da ɗan toka, yadda na ga ana yi wa tasa. Kafin la'asar duk takwas ɗin sun yi fari fat, zobe ya tafi, rabin raƙuman ma sun bi shi. Na jera su a faifai suka bushe.

Da ta dawo na tare ta tun a zaure. "Amarya, rufe ido, na yi wa dabbobinki wanka."

Ta daɗe tana duban faifan. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta kai shi kusa da ido. Sai ta ce, "Kai kaɗai ka yi wanga aiki?" Na ce ni kaɗai, ko taimako ban nema ba. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Sun yi haske." Ta kwashe su ta shiga ɗaki, ba ta fito ba har aka kira magariba.

A daren ba ta buɗe gwangwani ba. Ta zauna tana kallon wuta, sai da muka dame ta sannan ta ba mu wata da ba mu taɓa ji ba. Wai an yi wani raƙumi ɗan aike, duk garin da ya kai saƙo sai sarkin garin ya ɗora masa lalas, tambarin wuta, a wuya, alamar ya iso. Da tabon nan yake gane hanya: in zai koma, ya waiwaya ya duba na ƙarshe, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har gida. Wata rana ya sauka a gidan wani yaro mai kirki. Yaron ya ba shi ruwa, ya ba shi ƙaiƙayi, ya ga tabo ya cika masa wuya, tausayi ya kama shi. Da raƙumi ya yi barci, yaron ya kwana yana shafa masa wani magani har fata ta koma sumul. Gari ya waye, raƙumi ya waiwaya, bai ga komai ba. Ya dubi gabas, ya dubi yamma, duk ɗaya.

"Sai ya take yaron?" in ji ƙanena.

"A'a. Godiya ya yi mashi. Yaron ba ya da laihi, alheri ya yi nuhi. Raƙumi ya ce, in ni hwaɗa mashi yanzu, kayan sun fi wuyanshi. Bari ya girma."

Muka yi ta dariyar wautar raƙumi. Ni na fi kowa, har da birgima. Na ce da ni ne yaron, da na sa masa turare ma.

Inna ta rasu ina shekarar ƙarshe a sakandare. Ba ta ƙara cewa ta aje mini aiki ba, ni kuma ban lura ta daina ba. Gwangwanin ya faɗo a rabona don babu mai so.

Shekaru suka tura, aiki ya kai ni Kalgo, na yi maƙwabtaka da Baba Yohanna, mutumin kudancin jiharmu da ya yi ritaya daga gidan waya. Tara kan sarki ne abin sonsa. Yana da littattafai cike da su, ba ya taɓa ko ɗaya da yatsa sai da matsefata. Shi ya nuna mini yadda ake gane na ƙwarai: a ƙirga haƙoran gefensa, a ɗaga shi a rana a ga alamar da ke ɓoye cikin takardar, a duba ko launi ya kauce wajen bugu. Ya ce akwai wanda bai fi a ƙirga irinsa da yatsun hannu ba a duniya, masu nema na tsallaka teku dominsa. Na ce, "Baba, ai kana zaune kusa da attajiri ba ka sani ba. Gadon kakata in na fito da shi, sai in sayi Kalgo in ba ka garin Dangoma tukwici."

Na kawo gwangwani. Ya sa gilashinsa mai ƙara girman abu, ya duba na farko, ya duba na biyu. Fara'arsa ta ɗauke.

"Wane mugu ne ya yi wannan?"

"Wani yaro ne, Baba. Ya rasu." Na so in yi dariya, ba ta fito ba.

Ya ce raƙuman kansu ba wasu masu wuyar samu ba ne, an buga su da yawa. Abin da ke da daraja shi ne hatimin da aka kankare, don shi ke faɗin gari da rana. Na tambaye shi me mutum zai yi da sunan gari. Ya dube ni ta saman gilashi. "Ɗana, in kana neman wanda ya aiko, ina za ka fara?"

A daren na je Gwandu na sa mahaifina a gaba, shi ya ba ni labarin malamin da alkawarin Inna. Ya ce ita ta hana kowa ya gaya mini, har ta ce wanda ya faɗa ba ta yafe ba.

Baba Yohanna bai bar ni haka ba. Mako uku yana kwantar da kan sarkin nan a gefen haske, yana neman ramin da ƙarfen hatimi ya bari a takarda ko da tawada ta tafi. A jikin mai hoton auduga ya tsinci harafi biyu. Ya buɗe wani tsohon littafinsa, muka sami garuruwa huɗu na Sudan da haruffan za su iya zama nasu. Muka rubuta wa gidan wayar kowanne, a ba shugaban Hausawan garin. Ba a amsa ko ɗaya ba. Yanzu kuma da yaƙi ya ci ƙasar, ban san ko garuruwan na nan yadda suke ba.

A da ina cewa darasin tatsuniyar shi ne kada ka gyara abin da ba ka san amfaninsa ba. Na riƙe haka har bara, da ƙaramar 'yata ta ɗauki wayata ta share mini tarkace don ta ji ina ƙorafin ta cika. Cikin tarkacen har da muryar mahaifina, saƙonni goma sha wani abu da ya turo mini kafin ya rasu. Ta zo da murnarta tana nuna mini. Na sani sarai abin da ya kamata in ce, an taɓa ce mini shi. Amma na buɗe baki na yi mata tsawar da sai da Baba Yohanna ya leƙo ta katanga. Yarinyar ta kwana biyu ba ta haɗa ido da ni ba.

Ni muryar wanda na riga na binne na rasa, na kasa riƙe bakina minti ɗaya. Inna hanyar ɗanta mai rai aka shafe mata, ta riƙe nata shekara tara, tana zuba mini tuwo, tana kirana maigida.