Layukan Alli a Ƙofar Tela

"To ai ba mutuwa ƙafar ta yi ba, Tela," in ji Mai Usur. "Mantuwa take yi. Ko keken ɗinki ba ya tashi da kansa, sai an ɗan murza masa kai."

"Kai ne za ka koya mini keken ɗinki?" Baba ya ce. "Kai da ko maɓalli ba ka iya sawa ba."

Baba yana tsaye a bakin ƙofar ɗakinsa, ƙafafunsa biyu sun manne da siminti kamar an zuba musu gam. Ni ina bayansa, hannuna kusa da ƙugunsa, amma ban taɓa shi ba, don Mai Usur ya hana. Ya durƙusa, ya zaro guntun alli daga aljihu, ya ja layi a gaban ƙafar Baba.

"Kar ka duba ƙofa. Layin nan za ka tsallake, shi kaɗai."

Baba ya ɗaga ƙafar dama ya tsallake. Aka ja wani layin, ya tsallake. Haka har tsakar gida.

Shekara uku ke nan da ciwon karkarwa ya kama mahaifinmu. Rawar hannun ba ta dame shi kamar tsayuwar nan ba. Yana cikin tafiya lafiya lau, da ya iso bakin ƙofa sai ƙafa ta ƙi. Mu kuwa, don tausayi, sai mu kama hannunsa mu ja, muna cewa "taho mana, Baba". Ran nan jikin ya biyo mu, ƙafar ta ƙi biyowa, ya faɗi ya fasa goshi. Kashegari babban yayanmu ya shigo da keken guragu sabo fil, ya jingine shi a bayan ƙofa. Baba ya dube shi sau ɗaya ya kau da kai. Ya ce shi keke ɗaya ya sani a duniya, kuma yana can shago yana jiransa.

Shagon a jikin gidanmu yake, taku talatin daga ɗakin Baba, ƙofa biyu a tsakani. Yaya ya ce ya ji, amma shi ba zai sake ɗaukar tsoho jina-jina zuwa asibiti ba. Suka tsaya a kan wata guda. In Baba ya kai kansa shago da ƙafarsa, ba wanda zai ƙara yi masa maganar keken guragun. In bai kai ba, zai hau, a kuma kwashe kayan shagon a rufe.

A nan Mai Usur ya shigo cikin zancen. Duk wanda ya yi firamare a unguwarmu ya san shi, don shi ne malamin motsa jiki shekara talatin da ɗaya. Yaya ya sha gudu a hannunsa, ni ma na tarar da ƙarshen zamaninsa. Dogo ne siriri, da farin takalmin roba da yake wankewa kowace Asabar, da usur rataye a wuya da igiya baƙa. A da, in ya busa usur ɗin nan, har awakin bayan makaranta sai sun tsaya cak. Baba ne yake ɗinka wa 'yan wasansa gajerun wanduna, shuɗi da rawaya, kuma tun lokacin suke tsokanar juna.

Yanzu filin makarantar ya zama jerin shaguna, shi kuma tsofaffi yake bi gida-gida. Kayan aikinsa duka a jakar bayan kekensa suke: robar cikin taya da ya yanka tsiri-tsiri don jan hannu, robobin ruwa biyu cike da yashi, ƙwallo ɗaya da iska ta ɗan sace, sai alli. Ya san yadda ake tayar da mutum daga kujera ba tare da an ja shi ba. "Matso bakin kujera, ja ƙafa baya, hanci ya wuce gwiwa, tashi." Yana zuwa mana Litinin da Alhamis da hantsi. Amma usur ɗin ban taɓa jin ya busa shi ba.

Wata rana ina raka shi bakin titi na tambaye shi dalili. Ya ci gaba da tura kekensa.

"Uwar 'ya'yana ta yi irin ciwon babanka," ya ce. "Lokacin ina ji da kaina. Na ɗauka lalaci ne. In ta tsaya a ƙofa sai in busa mata usur, in ce hagu, dama, kamar fareti. Ranar da abin ya ishe ta, ta ce mini, 'Malam, ni ba 'yar aji uku ba ce.' Wallahi har yau ina jin muryar."

"To ta yaya ka gano maganar layi?"

"Ba ni na gano ba, ita ce. Ana gobe gasar gudu ina zuba layuka da farar ƙasa a fili, ta kawo mini abincin rana. Ina ɗago kai na hango ta tana tsallake layukan ɗaya bayan ɗaya, taku manya-manya, kwano a hannu, kamar ranar da na fara ganinta. Da layukan suka ƙare ta tsaya. Na ajiye bokiti na zauna a ƙasa." Ya shafa usur ɗin. "Na je asibiti na ba mai gashin ƙashi labari, ta ce ai abu ne sananne, ido yana tuna wa ƙafa hanya. Ta ce in ina so in riƙa zuwa ina kallo. Shekara biyu ina zuwa ina koyo, da furfurata. Matata ta ƙara shekara shida tana tafiya da ƙafarta. Ita ta ɗaura mini igiyar nan, shi ya sa ban cire ba."

Sai dai a gidanmu abin ya ƙi gaba. In Mai Usur yana nan, Baba ya tsallake ƙofa. In ya dawo bayan kwana uku, kamar ba a taɓa yi ba. Mako uku suka tafi a haka, keken guragun yana bayan ƙofa ko ledarsa ba a cire ba.

"Tela, tsakaninka da Allah, kana bin layukan nan safe da yamma kamar yadda na ce?"

Baba ya dubi hannunsa.

"Waɗanne layuka?" Umma ta tambaya daga ƙofar kicin. "Zanen da kake bari a siminti? Ai kana fita nake gogewa. Ka ga an bar alli ya kwana a gidan nan?"

Mai Usur ya riƙe baki. Ni yawanci ina fita aiki kafin ya gama, na ɗauka zanen na lokacin darasi ne kawai. Shi ya ɗauka takalma ne suke cinye shi, ni kuma ina sake ja. Umma kuwa ba wanda ya yi mata bayani, don duk lokacin da ake yi tana wajen murhu.

"Kai kuma Tela, bakinka ciwo yake yi?"

"Shekara arba'in tana share alli a bayana," Baba ya ce a hankali. "A teburin yanka, a ƙasa, har a wuyan rigata. Ban taɓa cewa sannu ba. Yanzu da ba na tsinana komai zan ce mata ta bari?"

Umma ta tsaya da tsumma a hannu. Ta dube shi, ta dubi simintin da yake ƙyalli, ta koma kicin.

"Laifina ne, uwargida," Mai Usur ya ɗaga murya ya ce. "Na koya wa kowa, na manta da shugabar makaranta."

"Kuma layukan naka a karkace suke," Baba ya ƙara. "Na daɗe ina haƙuri. Wani kusa, wani nesa. In na yanka maka wando haka, za ka sa?"

Ranar da yamma Baba ya sa na ɗauko tef ɗin awonsa. Yana zaune a kujera yana ba da umarni, ni ina rarrafe a ƙasa. Inci goma sha takwas tsakanin kowane layi, ba ƙari ba ragi, daga bakin gado har zaure. Sau biyu yana sa ni in goge in sake. Da safe na fito na tarar Umma tana shara, tana bin tsakanin layukan da bakin tsintsiya.

Alhamis ɗin ƙarshen wata Yaya ya zo, ya tsaya a zaure ya harɗe hannu. Baba ya matso bakin kujera, hanci ya wuce gwiwa, ya tashi. Ya tsallake ƙofar ɗaki. Ya ratsa tsakar gida yana kallon ƙasa, leɓensa na motsi. Ya shiga zaure. A bakin ƙofar shago layukan suka ƙare, don allinmu a nan ya ƙare, kuma ba wanda ya tuna. Ƙafar ta tsaya. Gwiwoyinsa suka fara rawa, jikinsa ya karkato gaba.

Yaya ya miƙa hannu. Mai Usur ya riƙe masa damtse.

"Ɗalibi, tsaya a layinka."

Yana laluben aljihunsa ke nan Umma ta wuce ta gabansa. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wani tsohon allin tela mai faɗi, shuɗi, wanda ban san inda ta adana shi ba. Ta durƙusa ta ja layi a kan dokin ƙofar.

Baba ya dubi layin.

"A karkace yake," ya ce.

"Tsallake, malam, gwiwata ciwo take."

Ya tsallake. Taku uku ya kai kujerarsa, ya zauna, ya ɗora ƙafa a kan matakin keken. Ya murza masa kai, ƙarar da muka tashi da ita tun muna yara ta cika shagon, duk da ba zare a allurar. Yaya ya juya yana kallon titi, ya daɗe bai waiwayo ba.

A waje Mai Usur ya ce masa kada ya mayar da keken guragun. "Ka kai shi ɗakin ajiya. Ciwon nan ba ya komawa baya, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba bana ba, in Allah ya so. Ku sayi fenti ku bi layukan, kafin damina ta yi muku aikin uwargida."

"Malam, ka tsaya ka sha ruwa mana," Umma ta ce.

"Ina, wani tsohon direba yana jirana. Ɓarin jikinsa ya shanye, amma bakin yana nan daram. In na makara minti biyar sai ya ce a zamaninsa da tuni mota ta tashi."

"Ka kawo wandon nan naka in rage masa ƙafa," Baba ya ce daga cikin shago. "Yana jan ƙasa, kana ba ni kunya."

"Litinin, Tela. Ka yi tashi da zama goma kafin azahar."

Ya ɗaure jakarsa a bayan keke, ya naɗe ƙafar wandon, ya tura keken ya nufi layin gidan direba.