Balbela a Jikin Buhu

Shekarar da na gama koyon zane a kwamfuta a Kano, na koma gida Kura da kundina cike da tambura da ba wanda ya sa ni. Na zana wa mai shayin bakin titi, na zana wa telar unguwarmu, duk a ɓoye. Aikin farko na gaske daga Kawu ya zo, ƙanin mahaifiyata mai injin gyaran shinkafa.

A lokacin, in an gyara shinkafarmu ta yi fari tas, sai a sayo tsofaffin buhunan shinkafa 'yar waje a zuba ta a ciki, a ɗinke, a kai birni. Kowa haka yake yi. Kawu ya gaji da neman tsofaffin buhuna, yana so a buga masa nasa.

“'Yar nan, giwa za ki zana min,” in ji shi, “da irin rubutun nan nasu mai lanƙwasa. Kada wanda ya gani ya ce daga nan ta fito.”

Na ce to, don ban saba yi wa manya musu ba. Amma da na fita sai na bi gefen kanal ɗin ban ruwa da ƙafa har wajen gonakin hanyar Bunkure. Rani ne, ga ruwa yana tafiya a hankali, ga kore ko'ina. Wata balbela na tsaye da ƙafa ɗaya a tsakiyar shinkafa, ko kallona ba ta yi ba. Ban taɓa ganin giwa ba a rayuwata. Balbelar na zana, kore a kan fari, na rubuta Shinkafar Kura a ƙasa da manyan baƙaƙe.

Kawu ya juya takardar sama da ƙasa.

“Ina giwar?”

“Babu giwa a Kura, Kawu.”

“Ikon Allah! Tsuntsuwar da ke bin gindin shanu za ki ɗora min a kaya? Wannan ne bokon?”

Wannan karon ban ce to ba. Na ce mu muka dasa, matanmu suka turara, shi ya gyara, in an ci an ji daɗi kuma a yabi mutanen da ba su san hanyar garinmu ba. Na ce ya yi haƙuri, ba zan zana giwa ba. Ya ce ai masu kwamfuta ba su ƙare a Kano ba. Can ya kai aikin, aka yi masa giwarsa. Mahaifiyata ta yi kwana biyu ba ta sake min fuska ba.

Gwaggo ce, yayar babana, ta tsinci takardar a ɗakina. Ita ma tana turara shinkafa a manyan tukwane a bayan gida, tana sayarwa a tiya.

“Ni buga min wannan. Na ma fi son ta, ba ta da girman kai.”

Muka buga ƙananan buhuna kaɗan. Makonnin farko dillalai dariya suka riƙa yi. Wani ya ce zai saya in za a juye masa a wani buhun, Gwaggo ta ce ya ƙara gaba. Sai ran wata kasuwa wata mai sayar da abinci ta zo daga Dawakin Kudu da buhunmu da ta juye a ninke a hammata, tana tambayar gidan mai balbela. Ta saya, sannan ta kwance bakin zaninta ta ajiye wa Gwaggo 'yar tsakuwa ɗaya da ta samu a wancan buhun a tafin hannu.

Da ta tafi, Gwaggo ta harare ni.

“Kin ja min aiki, ja'ira. Yanzu kowace tsakuwa an san gidan da ta fito.”

Ta jawo faifai biyu, ta miƙo min ɗaya. Muka zauna tsinta har aka kira la'asar.