Kibod ɗin da na gwada a ƙasa

Baba ba ya son waya, kuma bai taɓa ɓoye hakan ba. A wurinsa, duk wanda ke latsa waya babba na magana, daidai yake da wanda ya juya masa ƙeya. Ni kuwa a shekarar da mantuwa ta fara kama shi, wayar ce kaɗai injin rubutun da nake da shi a gida.

Tsohon tela ne, haifaffen Jos. Mahaifiyarsa ta yi dakon ƙasa da kwano a ka a ramukan kuza, kuma duk zuriyarmu shi kaɗai ya rage wanda ya san ƙauyen da ta fito da abin da ya rabo ta da shi. Lokacin da yake da ƙarfinsa ba mu tambaya ba, mun ɗauka labarin zai zauna ya jira mu. Sai ranar da na gan shi yana neman almakashi alhali yana hannunsa, hankalina ya tashi. Na ce ko ta halin ƙaƙa sai na rubuta labarin nan kafin ya kuɓuce masa.

Na fara da roƙon ya bar ni in ɗauki muryarsa. Ya ce ba za a riƙa kunna shi yana kabari ba, magana ta ƙare. Na koma biro da takarda, sai na tarar shekarun da na yi ina buga takardu a wani ofis a Vom sun kashe min hannu. Kafin in gama layi ɗaya ya yi nisa, kuma Baba ba ya maimaita zance. Da na zaro waya na soma latsawa da manyan yatsu, sai ya katse labarin.

"In kin gama hira da mutanenki, ki faɗa min," in ji shi.

Mako guda bai ƙara tayar da zancen ba. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, har kuka na yi a motar Vom.

Wata abokiyar aikina ce ta ba ni labarin kibod mai naɗewa, marar igiya, wanda ake haɗa shi da waya ta bulutut, ya shiga jakar hannu. Nan take na ga mafita. Ni dai ba na kallon madannai in ina bugu, tun zamanin tafireta aka hore ni a kan haka. Waya sai ta yi zamanta a jaka, yatsuna su yi aikinsu.

Ranar wata Juma'a da na taso aiki na sauka a Tina Junction, na shiga wani shagon kayan waya ta wajen Anguwan Rukuba. Mai shagon Ibo ne, ƙato mai fara'a, Hausa a bakinsa kamar ruwa. Ya jera min iri uku a kan gilashin kanta, ya haɗa su da wayata ɗaya bayan ɗaya. Kowanne na taɓa, lafiya lau. Har na nuna wani mai fitilu masu launi a ƙarƙashin madannansa, sai wani abu ya faɗo min a rai.

Tunda nake ban taɓa zama a kujera a gaban Baba ba. A tabarma nake zama, daf da ƙafarsa, kamar yadda muka taso. Kuma babu tebur a ɗakinsa sai na keken ɗinki, wanda ko ƙuda ba ya so ya sauka a kai.

"Oga, ba ni kwali," na ce.

Ya miƙo min yana kallona. Na shimfiɗa a ƙasa, na cire takalmi, na zauna na lanƙwashe ƙafa.

"Hajiya, lafiya? Kujera tana nan fa."

"A ƙasa zan yi aiki da shi, a ƙasa zan gwada shi. Miƙo."

Mai fitilun nan, ina ɗora shi a cinya na danna harafi biyu, ya lanƙwashe ta tsakiya ya rufe min yatsu. Na biyu mai naɗi uku ne, gefe da gefensa suka yi ta lilo. Na ukun na roba ne da ake naɗewa kamar tabarma, shi kam ya kwanta a jikina kamar ganda ta sha wuta. Masu sayen caja da murfin waya suka tsaya kallo, wata ma ta kama baki. Ko a jikina.

"Madam, abeg, duk duniya a kan tebur ake amfani da wannan abu," in ji mai shagon yana dariya.

"Duk duniya ba su da irin babana."

Na faɗa masa dalili a taƙaice. Ya daina dariya. Ya durƙusa ya jawo wani kwali daga can ƙarƙashin kanta, ya zaro wani baƙin kibod mai nauyi, ba fitila, ba ado, ya ce ba mai kula shi. Amma a bayansa akwai 'yar sakata, in ka buɗe shi ka tura ta, sai ya sandare kamar allo. Na ɗora a cinya, na rufe ido, na buga layi goma. Da na duba wayar, kuskure biyu ne kawai. Shi na ɗauka.

Washegari da hantsi Baba ya fito shan rana saboda sanyi. Na zauna a tabarmata, na buɗe kibod ɗin, na tura sakata. Ya karɓa ya jujjuya, ya bi mahaɗinsa da yatsa kamar mai duba ɗinkin wani tela. Ban ɓoye masa ba, na ce rubutun waya yake shiga, amma tana cikin jaka, ba zan kalle ta ba.

"To, wannan aiki ne," ya ce. "Ina muka tsaya?"

Asabar bakwai muka yi a haka. Na samu sunan ƙauyen. Na samu labarin yunwar da ta koro su, da tafiyar ƙafa da kakata ta yi da goyon yayan Baba, da tabon da kwano ya bar mata a tsakar ka inda gashi bai sake fitowa ba. Wata rana labari ya zo tiryan-tiryan, wata rana ya yi ta zagaye wuri ɗaya. Duk na buga, ban zaɓa ba.

A Asabar ta takwas ya kasa kama bakin zaren. Ya fara, ya tsaya, ya sake farawa. Don in taimaka masa na nemi izini na ciro wayar, na karanta masa inda mahaifiyarsa ta iso Jos ba ta san kowa ba. Ya saurara tsit, idonsa ya ciko.

"Allah sarki, wannan mata ta sha wahala," ya ce. "Wa ya ba ki labarinta?"

Da ƙyar na ce, "Kai ne, Baba."

Ya gyara zama.

"To, karanta min sauran," ya ce. "Ina so in ji yadda ta ƙare."

Na share fuskata da gefen mayafi, na ci gaba da karantawa.