Nerys Bevan da Gawar da Ta Goge

Tun tana budurwa Nerys Bevan take sharar kwalejin garinmu a Wales, har ta yi jika tana wannan aiki. Ko a coci, ana tsakiyar waƙa sai ka ga ta shafi bayan benci da yatsa, ta duba.

Shekarar da aka fara koya wa 'yan ajin ƙarshe nazarin laifuka, jikarta Carys tana cikinsu. Wata safiya Nerys ta buɗe wani aji ta tarar da ɓarna: kujera a kife, kofin shayi a fashe, wani jan abu ya malale a ƙasa, ga zanen mutum kwance da aka yi da alli.

"Yaran zamani!" in ji ta. Ta sunkuya ta ƙarƙashin zaren da aka gitta a ƙofa. Kafin a kaɗa ƙararrawa ajin yana ƙyalli.

Ashe jarrabawa ce. Malam Gethin ne ya shirya wurin kamar an yi kisan kai, don ɗalibai su gano mai kisan. Ya daɗe a ƙofa riƙe da kai, sannan ya ba su sabon aiki: su nemo wanda ya ɓatar da shaida.

Nerys ta ga kora daga aiki ƙiri-ƙiri. Ƙarya dai ba ta yi, amma kuma ba ta ga dalilin kai ƙarar kanta ba. Da ɗaliban suka cika ɗakin tsintsiyoyinta don bincike, sai ta ɗora musu shayi.

"Kaka, ina kike da safe?" in ji Carys.

"Ke, ni za ki yi wa tambayar 'yan sanda? Ni da na wanke miki kashi? Zauna ki sha."

"Kaka, guntayen kofin ma an wanke su, an jera a kan taga."

"To, da dattin shayi za a bar su?"

Sai aka kwashe da dariya.

Ba a kore ta ba. Malam Gethin ya sake shirya wurin, ya roƙe ta kada ta taɓa komai sai an gama jarrabawa. Ta amsa da ladabi. Washegari ta tare shi a hanya, tsumma a hannu.

"Malam, gawar na bar maka. Amma ai mamacin ba zai damu ba in na ɗan goge tagar, ko?"