Kalmomin Hanya da Na Koya Saboda Jikata

Shekarar da mai ɗakina ta rasu, gidanmu na Kibiya ya yi mini girma. 'Ya'yana mata suna gidajen aurensu, ɗaya a Rurum, ɗaya a Kano. Namijin, wanda shi ne ɗan farina, ya daɗe a ƙasar Mozambik yana sayar da wayoyi da kayan gyaransu. A can ya yi aure, ya auri 'yar Musulmin arewacin ƙasar, Allah ya ba su 'ya mace. Ban taɓa ɗaukar yarinyar ba. A fuskar waya kawai nake ganinta, ta leƙo, ta faɗi wata magana da sauri, ta ruga, sai uban ya fassara mini bayan ta tafi. Fotugis take ji, harshen da ake yi a makarantarsu da kan titi, kuma da shi uwar take mata magana.

Bayan an yi sadakar arba'in ya kira ni ya ce, "Baba, zaman kaɗaicin nan ba zai yi ba. Ka yi fasfo ka zo ka ɗan kwana biyu a wurinmu."

Na ce masa ni tsohon malamin firamare ne, na ƙare ƙuruciyata ina koya wa 'ya'yan mutane baƙi da wasali, ba zan je ƙasar wasu in zama kurma ba. Ya yi dariya, ya ce to mu fara da kalmomin hanya, tunda baƙo a hanya yake ɓata. Daga nan kullum da safe sai in tarar da saƙon muryarsa a waya. Ban taɓa ganin kalmomin a rubuce ba, don haka yadda kunnena ya ji su nake faɗarsu, haka kuma zan rubuta su a nan.

Motar haya ta cikin gari, in ji shi, ƙaramar bas ce, suna ce mata shapa. Direba motorista, kwandasta kobrador, shi ne mai rataye a bakin ƙofa yana kiran sunan unguwa. Idan za ka sauka sai ka ɗaga murya ka ce parajen, ko ka ƙwanƙwasa jikin mota. Dibagar shi ne a hankali. Na gode, obirigadu. Ya ce idan mota ta cika, mace takan miƙa jaririnta ga duk wanda ya samu wurin zama, ko ba ta san shi ba. Na ce ashe dai mutanen namu ne.

A lokacin nakan je asibitin Rano duk mako saboda hawan jini, kuma a wannan hanyar na yi yawancin karatuna. Wanda ya san tashar Kibiya ya san ba a gaggawa. Mota ba ta tashi sai ta cika, biyu a gaba, huɗu a baya, a danna buhuna a but a ɗaure murfin da igiya. Ɗan kamasho zai yi ta ihun "Rano, saura mutum ɗaya!" alhali rabin na ciki abokansa ne da za su fita da zarar fasinja na gaske ya zo. Saboda furfurata akan ba ni gaba, gefen taga. Direba ya yi bisimilla, kowa ya karanta addu'arsa, na tsaye su ce Allah ya kiyaye hanya. Da can ni da mai ɗakina muke yin wannan tafiya, ita tana baya cikin mata, ina jiyo muryarta tana tambayar farashin gyaɗa. Yanzu sai in kafa ido a kan gonakin dawa da duwatsun da ke nuna an kusa Rano, ina ta juya kalmomin a bakina. In kalli direba in ce motorista a zuci. In ya taka mota da yawa in ce dibagar, dibagar.

Wata rana muna dawowa, mun iso daidai kwanar da nake sauka, ban san lokacin da na ɗaga murya na ce, "Parajen!" ba.

Direban ya taka birki ya juyo. "Malam, lafiya? Jikin ne?"

Na ce lafiya lau, akwai sauka nake nufi. Ina ƙoƙarin fito da ƙafata na ji wani mutumin Durba a baya yana ce wa na kusa da shi, ƙasa-ƙasa, "Allah sarki. Tun da iyalinsa ta rasu yake magana shi kaɗai." Ba da mugunta ya faɗa ba. Na so in juya in yi musu bayani, sai na ga bayanin ya fi tsayuwar mota tsawo. Na rufe ƙofa na ce a sauka lafiya. Daga ranar na mayar da karatun cikin gida. Bayan la'asar in zauna a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, in kunna muryar yaron, in maimaita, kaji suna kiwo a gefena.

Fasfo ya fito ana tsakiyar damina. Bai yi wata guda a hannuna ba, wata safiya na tashi alwala buta ta suɓuce mini, hannun hagu ya ƙi ɗaguwa. Maƙwabcina ne ya kai ni Rano a motar ƙaninsa. Allah ya taƙaita, ƙafa da hannu suka dawo sannu a hankali, amma likita ya ce in cire doguwar tafiya daga raina, balle ta jirgi mai sauka a ƙasa biyu. Na kira ɗana na gaya masa. Ya ce, "To, Baba, mu za mu zo." Ya daina turo kalmomi. Ni dai ban daina maimaita waɗanda nake da su ba, don ban san me zan yi da la'asar ɗina ba in ba su ba.

Sun zo bayan an gama girbi. Na dage sai na tare su a Rano, ko da sanda. Da suka fito daga motar Kano, surukata ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni da sallama, abin da muka haɗu a kai ke nan ni da ita. Yarinyar kuwa ta ɓuya a bayan zanen uwarta. Ba ta wuce shekara shida ba, goshinta sak na kakarta. A al'adarmu jika mace matar kaka ce, kamata ya yi in na ce mata ga amaryata ta iso, ina tsarabata, ta ce ba ta son tsoho mai sanda, a yi dariya. Na faɗa, uban ya fassara, ta dube ni a tsorace ta ƙara riƙe uwarta. Wasan ya mutu a wurin.

A motar Kibiya aka ba mu baya gaba ɗaya. Hanya ta yi ramuka, direban kuma yaro ne mai zafin ƙafa. Na ga yarinyar ta runtse ido ta dafe ciki. Na taɓa kafaɗar direban na ce ya sassauta, sannan na juyo gare ta na ce, "Dibagar." Ta buɗe ido. Na nuna direban na ce, "Motorista." Ta dubi ubanta, ta dube ni, sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta gyara mini faɗar dibagar, tana cije leɓen ƙasa a tsakiyar kalmar. Na gwada, na kasa, ta sake yin dariya. Kafin mu iso gida ta sa hannu tana taɓa gemuna.

Mako biyun da suka yi, kujerun tsakar gida sun zama mota. Takan jera su, ta zaunar da ni a baya, ta ba ni ganyen darbejiya a matsayin tikiti, ita ce direba ita ce kwandasta. Bobo take kirana, wato kaka. In ta ce "Bamush, bobo," na gane mu tafi take nufi, sai in jingine sanda in hau. Iyakar hirarmu ke nan. Ban iya tambayarta me take so ta ci ba, ban iya ba ta labarin kakarta ba. Da ta faɗi ta kurje gwiwa tana kuka, ina tsaye a kanta ba ni da abin cewa sai sannu, ita kuma ba ta san sannu ba.

Ranar komawarsu na yi musu rakiya har tashar Rano. Aka ɗaure jakunkuna, da ƙullin kuka da daddawa da ƙannen uban suka haɗa. Surukata ta shiga, ɗana ya tsuguna na sa masa albarka. Yarinyar ta matsa can ciki, ta bar wuri a gefenta, ta buga kujerar da tafin hannu.

"Bamush, bobo!"

Na tsaya riƙe da ƙofa. Duk abin da na koya na mai tafiya ne, ba wanda ya koya mini yadda ake cewa ni a nan zan zauna. Na dubi uban na ce, "Gaya mata." Ya sunkuya ya yi mata magana a kunne. Ba ta yi kuka ba, ta dai janye hannunta daga kujerar ta ɗora a cinya. Wata mata mai kwandon tumatir ta shiga ta zauna a wurin, ɗan kamasho ya rufe ƙofa, mota ta tashi.

Na tsallaka wajen motocin Kibiya. Babu kowa a ciki sai wata Bafulatana da ƙoren nono babu komai a cikinsu. Ta ce, "Baba, baƙi aka raka?" Na ce eh, jikata ce. Ta ce Allah ya raya ta, na ce amin. Muka zauna muna jiran mota ta cika har aka kira azahar, na fita na nemi ruwan alwala.