Ƙodata a Cikin Yaya

Ban taɓa yin baƙin jini a Tambuwal irin wanda na yi bayan na ba Yaya ƙodata ba. Yabo kam na sha, amma bai daɗe ba, don daga asibiti na zarce na zama mai gadin ƙofa.

Yaya shi ne babban wanmu, malami mai karantar da magidanta a zaure. Hawan jini ya ci masa ƙoda duka biyu ba mu sani ba, sai da ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Daga nan muka shiga jigilar wankin ƙoda a Sakkwato. A kai shi yana numfashi da ƙyar, a jona shi da inji, a dawo mana da shi kamar tsumman da aka matse. Da likitoci suka ce dashe ne mafita, aka gwada 'yan'uwa. Mazan duk suka faɗi, wannan suga, wancan jininsa bai dace ba. Ni auta, mai bakin da kowa ke kuka da shi, tawa ce ta dace.

Ranar sallama likita ya zaunar da mu. Ya ce jikin Yaya zai riƙa ganin ƙodar a matsayin baƙuwa, don haka zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa domin a kwantar da garkuwar jikinsa. Wannan kuma na nufin murar wani tana iya kayar da shi. A watannin farko ban da taro, ban da musabaha. Jiƙo da sassaƙe kuwa ko kusa, don suna iya kashe sabuwar ƙodar, kuma in ta mutu sai komawa kan inji. Yaya ya ce to. Matsalar ita ce Yaya duk wanda ya zo masa da magana to yake ce masa.

Muna sauka gida aka fara dubiya. Daga Sanyinna, daga Kebbe, ɗalibai, surukai, har da waɗanda rabonsu da mu tun rasuwar mahaifinmu. Kowa sai ya kama hannunsa da hannu biyu, ya zauna ya miƙe ƙafa, ya yi tari son ransa, sannan ya jawo galan daga bayansa ya ce wannan shi ya tayar da wane. Matar Yaya kunya ta yi mata yawa, sai dai ta karɓa ta yi godiya. Na haɗa kayana na baro gidan mijina, na dasa benci a bakin ƙofa da buta da sabulu. Wanda na ji yana jan hanci in ce ya yi addu'a daga nan, Allah yana ji. Galan-galan kuwa bayan gida nake tuttular da su. Mata suka sa ni a baki, wai tun da na ba da ƙoda nake ji kamar ni na haife shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ɗaga bencin ba.

Sai ga Baffa, ƙanen mahaifinmu da ke Fakku. Shi ya riƙe Yaya bayan mun zama marayu, a hannunsa ya sauke Alƙur'ani. Da damina ya taso a kan kabu-kabu, a wannan hanyar da ko jaki yake tunani kafin ya bi ta, ya iso da taɓo har gwiwa, rungume da jarka. Da kansa ya shiga daji ya tono saiwoyin. An gaya masa dai an yi wa Yaya aiki. Ba wanda ya iya gaya masa an yanka ni, kowa yana tsoron faɗansa.

A gidanmu ba a tare Baffa a ƙofa, ba a kallon idonsa, abin da ya miƙo maka kuma ba ka mayarwa. Ya wuce ni da butata, na bi shi na durƙusa ina gaisuwa. Ya tsiyaya jiƙon a kofi, baƙi ƙirin, ya yi bisimilla ya miƙa. Ni da ake cewa bakina ba ya mutuwa, ranar ya mutu murus. Ina kallo Yaya ya karɓa da hannu biyu. Tsoro ya kama ni, haushi kuma ya fi tsoron yawa.

Yaya ya kalli kofin, kansa a ƙasa, ya ce, "Baffa, da tawa ta, da na shanye har tsaki. To wagga ajiya ta. Ga mai ita nan durƙushe. In ta yarda in sha."

Ka ji malamai. Ya rasa yadda zai ce a'a, sai ya ɗora mini. Baffa ya juyo yana tambayar wace irin ajiya. Na ce, "Baffa, ƙodata ta anka sa mai. Guda tar rage min. In wagga ta mutu, ba ni da wata da nika iya ba shi."

Na jira faɗa, bai zo ba. Tsohon nan ya dube ni, abin da bai saba ba, har idonsa ya kawo ruwa. Ya karɓi kofin daga hannun Yaya ya juye a jarkarsa ya toshe bakin.

Washegari da safe na fito na tarar da shi a kan bencina, sanda a gefe. Duk wanda ya zo sai ya ce masa ya yi addu'a daga nan, Allah yana ji. Maganata ce sak, ko wasali bai canza ba. Ba wanda ya murguɗa baki, har cewa suke Allah ya ƙara wa malam lafiya. Wannan abin har yau yana ci mini rai, ko da yake ƙodar tana nan tana aiki.

Na ɗauko kunun Yaya zan shige, sai na ji sanda ta gitta a gabana. Baffa ya miƙo mini buta.

"Wanke hannu, ɗiyata. Akwai ajiya ciki."